Gawa Mai Sunan Aro

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Talata aka bugo wa Sufeto Wilfrido Polanco waya, yana tsaye bakin shagon mai kofi, ko kurɓa ɗaya bai yi ba. An tsinci gawa a gonar rake ta bayan bateyin Ceiba Mocha, rukunin ɗakunan nan da kamfanin sukari ya gina wa masu saran rake tun zamanin kakanni bai sake waiwayarsu ba.

Polanco ba ya son shiga bateyi. A irin waɗannan ɗakunan aka haifi mahaifiyarsa, kuma duk ranar da aiki ya kai shi sai ya ji kakinsa ya yi masa nauyi. Ya ajiye kofin, ya ce wa Saje Cuevas ya tada mota.

Mamacin zai yi shekara hamsin da 'yan kai. Yana kwance rubda ciki tsakanin kunya biyu, addarsa a gefe. Babu sara, babu alamar duka. Sai dai fuskarsa ta kumbura, ƙafafunsa ma sun cika takalmin roba har sai da aka yanka shi kafin ya fita.

Cuevas ya laluba aljihun mamacin, ya zaro kati a cikin leda da wata farar kwalbar ƙwayoyi wadda ba ta da suna sai lamba. A jikin katin an rubuta Fermín Mejía, lamba 47, mai shiga gwajin sabon maganin hawan jini.

Sauran masu saran suna tsaye nesa, kowa ya ce bai san shi ba. Polanco bai ɓata bakinsa ba. Galibinsu 'yan maƙwabciyar ƙasa Haiti ne ko 'ya'yansu, ba su da takardar zama, kuma a wurinsu motar 'yan sanda da motar masu kora kan iyaka duk abu ɗaya ne.

Suka shiga bateyi neman gidan Fermín don su sanar da iyalinsa. Wata mai tallan gawayi ta nuna musu gindin mangwaro, inda wasu dattawa huɗu ke buga wasan domino.

"Ina iyalan Fermín Mejía?" in ji Polanco.

Wani mai tumbi, gurguwar ƙafarsa ɗaya a miƙe kan benci, ya ɗago kai. "Ni ne Fermín. Lafiya?"

"To, Don Fermín, ta'aziyyarka muka zo yi," in ji Cuevas. "An ce ka rasu da safe."

Babu wanda ya yi dariya. Da Polanco ya nuna masa hoton gawar a waya, sai dominon da ke hannunsa ya zube. Ya ce wannan ai Dieusibon Altidor ne, amininsa, shi Fermín ne ma ya riƙe 'yar marigayin ranar baftisma.

"Yaya aka yi sunanka ya hau katinsa?"

Fermín ya rantse katin shaidarsa ya ɓata tun bikin sabuwar shekara, wataƙila marigayin ne ya tsinta. Shi dai bai san wani gwaji ba, bai taɓa taka asibitin ba, allura ma tsoronta yake kamar mutuwarsa.

Polanco ya gyaɗa kai. Idonsa na kan gwiwar hannun Fermín ta ciki, inda wasu ɗige-ɗige baƙaƙe suka jeru, ga kuma danƙon filasta da bai gama fita ba. Ya yi kamar bai gani ba, ya tambayi ɗakin marigayin.

Matar Altidor, Mirlande, ta riga ta ji. Tana zaune bakin gado, ba ta kuka. Ta ce mijinta bai taɓa shan wani magani ba sai ganyen da take dafa masa. Duk abin da Polanco ya tambaya, amsar ɗaya ce, ba ta sani ba.

A kan wata 'yar kanta da ke jikin bango, bayan kyandir da hoton Maryamu, akwai wata farar kwalba irin ta aljihun mamacin. Lambarta 52. Mirlande ta ce ajiya ce, ta Doña Nurys, mai shigar da mutane gwajin. Polanco ya dubi ƙafafun matar. Igiyar silifas ta nutse a cikin kumburi.

Ya sa kwalbar a aljihu, ya ce kada ta sake haɗiyar ko ƙwaya ɗaya. Har ya kai ƙofa ta yi magana, ita ce kuma tambaya ɗaya tak da ta yi masa.

"Ranka ya daɗe, wane suna za ku rubuta masa?"

Ya ce bai sani ba tukuna. Gaskiya ya faɗa, amma ta yi masa ɗaci a baki.

Da azahar likitan mutuware ya kira shi ciki. Ya ce ƙodojin mutumin sun tsotse tun shekaru, ciwon nan ne da ke cin masu saran rake, rana da ƙishirwa da aiki ba hutu. Da haka zai iya lallaɓawa ya ƙara wasu shekaru, amma wani abu ya zo cikin 'yan makonnin nan ya ƙarasa su.

Polanco ya ce a duba masa hannuwan gawar. Likita ya juya na dama, ya juya na hagu, ya haska da fitila. Babu tabon allura ko ɗaya.

Daga nan suka wuce cibiyar gwajin, wani gida mai fenti fari a cikin gari. Likita Yokasta Peguero ce ke riƙe da aikin, mace mai saurin magana wadda ta yarda da takardunta fiye da yadda ta yarda da mutane. Ta ce mutum tamanin suka ɗauka daga Ceiba Mocha. Rabi ana ba su maganin, rabi ƙwayar garin sitaci, kuma ita kanta ba ta san wa ke shan wanne ba. Kowa ya dangwala yatsa da yardarsa. Doka ɗaya ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta, mai raunin ƙoda ba ya shiga, domin ta ƙoda maganin ke fita daga jiki.

Ta buɗe fayil na 47 ta tura masa. "Duba da kanka. Ƙodarsa kamar ta saurayi. Duk sati biyu ake auna jininsa, na ƙarshe ranar Juma'a."

Polanco ya nuna mata hoton gawar. Ta toshe baki da hannu.

"Fermín ne. Sau uku na auna shi da hannuna."

"Wa ya ce miki Fermín ne?"

"Nurys. Ita ke kiran suna su shigo."

"Wa ke ɗibar jinin?"

Ta ce masu sara ƙarfe biyar suke fita, kuma duk wanda ya rasa yini ɗaya ya rasa abincin gidansa, don haka ba za su zo gari ba. Ita sau ɗaya a wata take zuwa cocin bateyin ta auna su. Jini kuwa Nurys Batista ce ke bin su gida-gida da sassafe, da akwatin ƙanƙara a bayan babur, ta manna wa kowace kwalba lamba ta kawo.

"Likita, mutumin da kika auna babu allurar da ta taɓa hannunsa," in ji Polanco. "Jinin wani kike karantawa wata uku."

Ya ɗora kwalba ta 52 a kan teburin. Sunan da ke fayil ɗin Belkis Batista, ƙanwar Nurys. Cuevas ya san ta, ya ce shekararta biyu tana aikin otal a bakin teku.

Likitar ta buga waya aka buɗe mata sirrin lambobin biyu. Dukansu maganin gaske ne. Nan take ta ce an dakatar da gwajin, za ta tura motar asibiti a auna kowa.

Polanco ya girgiza kai. Ya san bateyi. Idan mota ta tsaya aka fara kiran suna, masu sunan aro su ne farkon waɗanda za su shige cikin rake, da kwalabensu, su ci gaba da sha tunda an ce musu magani ne. Kuma bai san ko su biyu ne ko ashirin ba. Mutum ɗaya ce a duniya ta sani.

Ƙarfe huɗu suka sami Nurys a rumfar kwanon da ke jikin coci, tana tsaye gaban mata kamar goma sha biyar tana koya musu yadda ake rage gishiri a miya. Gajeriya ce mai furfura, da farar riga mai dogon hannu a wannan zafin. Rabin yaran bateyin ita ta karɓi haihuwarsu, kuma ko fasto ba ya yanke magana sai ya ji ta bakinta.

Ta sallami matan, ta jawo wa Sufeto kujera. Ta ce ta ji abin da ya faru, Allah ya ji ƙan Altidor. Abin da take tsoro ke nan, mutanen nan ba sa jin magana. Fermín ne ta shigar, shi take ɗibar wa jini, amma da alama ya riƙa ba amininsa ƙwayoyin. Ai nan ko maganin ciwon kai rabawa ake yi.

Ƙaryar ta tsaru, har Polanco ya ji haushin yadda ta tsaru.

"Shekara nawa kika san Fermín?"

"Tare muka tashi."

"Altidor fa?"

"Tun zuwansa ƙasar nan."

"To a cikinsu wa kika kai gaban Likita Peguero kika kira shi Fermín?"

Ta gyara zama. Ta ce likita mutum tamanin take gani a yini ɗaya, kuma mutanen gari ba sa bambance fuskar baƙin mutum.

Polanco ya yi wa Cuevas alama, ya shigo da Fermín, wanda suka biya suka ɗauko, yana ɗingishi. Aka ce ya miƙe hannunsa a kan tebur.

"Don Fermín, ɗazu ka ce min ba ka san gwaji ba. Ita kuma ta ce kai ne ka ba shi maganin da ya kashe shi. Wanne zan rubuta?"

Fermín ya juya ya dube ta, bakinsa a buɗe. "Ni, Nurys? Ni za ki ɗora wa?" Sai hawaye. Ya ce shi bai taɓa ganin ƙwayar ba. Kati ya ba da aro, kamar yadda ya ba da lokacin da za a sa 'yar Altidor makaranta, kamar yadda kowa mai takarda a nan yake ba maras ita. Nurys ce ta dawo daga baya ta ce katin kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da jini. Duk sati biyu take zuwa, shi kuwa yana miƙa hannu yana jin daɗi, a zatonsa taimakon amininsa yake.

Nurys ba ta ƙara musu ba. Ta zuba wa akwatin ƙanƙarar da ke ƙarƙashin tebur ido.

"Me ya sa ba ki ɗebi nasa ba?" in ji Polanco.

"Na ɗiba. Tun farko na ɗiba, da wata lambar. Suka dawo da shi suka ce bai cancanta ba."

"Sun gaya miki dalili?"

"Sun ce ƙoda."

"Kin sani ke nan."

Ta ɗago kai, muryarta ba ta tashi ba. "Sufeto, ka san sau nawa aka ce wa mutanen nan ba su cancanta ba? Makaranta, ba su cancanta ba. Asibiti, ba su cancanta ba. Fansho bayan shekara talatin na sara, ba su cancanta ba. Duk takardar da ta tare mana hanya zagaye ta muke yi, da haka muka rayu. Na ɗauka wannan ma irinsu ce. Mutum kansa na sara kamar zai fashe, ga magani kyauta, ga likita, a ce saboda ba shi da lafiya ba za a ba shi ba?"

Ta ce akwai kuma maganar adadi. An gaya mata idan ba ta cika tamanin ba kafin ƙarshen wata, za a kwashe aikin a kai wani bateyi. Shekara goma sha ɗaya rabon Ceiba Mocha da ganin likita. Ta zaga kowane ɗaki, ta yi magana a coci, ta yi a wurin famfo, masu takarda da lafiyar ƙoda saba'in da ɗaya kaɗai ta samu.

Polanco ya yi lissafin a ransa, sannan ya faɗa a fili.

"Tara."

"Tara," in ji ta. "Saura takwas yanzu."

"Da ƙafafunsa suka fara kumbura fa?"

Nan ne muryarta ta karye. Ta ce ta gani, sati uku da suka wuce. Ranar zuwan likita ta ce masa ya zauna gida, ta rubuta ya yi tafiya. Ta san idan aka gane ɗaya za a gane duka, a rufe aikin, wataƙila ma a kore su daga ƙasar. Ta ce masa ya rage gishiri.

Polanco ya daɗe yana aikin nan, ya kama ɓarayi da masu kisa da adda, kuma bai taɓa jin haushi da tausayi sun cakuɗe masa haka ba. Da a ce a kan katin ta tsaya, da mahaifiyarsa ma za ta sa mata albarka. Amma ta ga ƙafafun mutumin, ta ɓoye shi. Ya tura mata takarda da biro, ya ce ta rubuta sunayen takwas ɗin.

Ta ture takardar. "Ba za su buɗe maka ba. Ka bar ni in ƙwanƙwasa da kaina. In na gama ka sa min abin da za ka sa min."

Cuevas ya zaro ankwa yana duban maigidansa. Polanco ya ce ya mayar.

Haka suka bi layin ɗakunan, ita a gaba, su a baya da tazara, motar asibiti kuma aka tsayar da ita can bayan coci inda ba a gani. A kowace ƙofa sai ta kira mutum da sunansa na gaskiya, ta ce ya ɗauko kwalbarsa ya fito, ita ce ta cuce shi. Wani tsoho ya ƙi, ya ce tun da ya fara sha kansa ya daina ciwo. Sai da ta durƙusa masa a ƙasa sannan ya miƙo. Biyu daga cikinsu ba su iya takawa ba, a kujera aka ɗauke su.

Ƙofar Mirlande ce ta ƙarshe. Matan biyu suka tsaya suna kallon juna.

"Ke kika ce zai warke," in ji Mirlande.

"Ni na ce."

Likita Peguero, wadda ta biyo motar asibiti, ta matso. Ta danna ƙafar Mirlande da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta ce a sa ta a mota yanzu, ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba.

Da aka kai Mirlande wurin motar, ta riƙe ƙofar ta ƙi shiga, idonta a kan Polanco. Ya gane. Ya buɗe fayil ɗinsa a kan murfin mota, ya ja layi a kan Fermín Mejía, ya ce ta faɗa masa cikakken sunan mijinta da garin da aka haife shi. Ta faɗa, ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya sa hannu a ƙasa. Ba ta iya karatu ba, amma ta ɗora yatsa a kan rubutun ta bi shi daga farko har ƙarshe, sannan ta shiga.

Da motar asibiti ta tashi, Nurys ta miƙo hannuwanta biyu ba tare da an ce mata ba. Cuevas ya ture hannun rigar don ankwa ta zauna, sai ya tsaya. Tun daga gwiwar hannu har kusa da wuyan hannun tabon allura ne, tsoho da sabo, wani ya yi baƙi wani ya yi kore.

"Mata uku a cikin taran ba su samu mai ba su jini ba, sai na ba da nawa," in ji ta.

Mutanen bateyi sun fito sun jeru a bakin ƙofofinsu. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya yi mata sallama. Fermín na zaune gindin mangwaro shi kaɗai, ya haɗa kai da gwiwa.

Aka sa Nurys a kujerar baya, Polanco ya zauna gefenta da fayil a buɗe kan cinyarsa. Ta karkato kai ta karanta layin da ya rubuta, leɓunanta na motsi.

"Dieusibon Altidor," ta ce a hankali. "Shekararsa talatin da ɗaya a ƙasar nan. Yau na fara ganin sunansa a takarda."

Polanco ya rufe fayil ɗin, ya ce wa Cuevas ya ja mota.